Duwatsun Rufin Ɗakin Baba

A Minna damina ba ta shigowa da sallama. Kafin ɗigon farko ya taɓa ƙasa sai ta turo iska ta share mata hanya, ita kuwa iskar ba ta tambayar gidan wane ne. Rufin da ta samu da sako-sako, nata ne. Mu da muka ga aikinta da idonmu, har yau in hadari ya haɗo daga gabas, kan kwano muke fara kallo kafin mu tuna da shanya.

Gidan da aka kai ni aure yana gefen layin dogo. Ginin ƙasa ne, ɗaki uku da zaure, da rijiya, da bishiyar mangwaro a tsakar gida. Mai gidan na ainihi surukina ne, wanda duk muke kira Baba. A Minna aka haife shi, don mahaifinsa yana cikin waɗanda aikin shimfiɗa layin dogo ya kawo garin, suka zo suka ƙi komawa. Shi ma Baba reluwe ya yi wa aiki har ƙarfinsa ya ƙare, ɗansa maigidana kuma ya gaje shi. Ni kuwa har na haifi 'ya'ya huɗu a gidan nan, Baba bai daina kirana Amarya ba.

Abu biyu ne Baba ba ya sassauci a kansu. Na farko, ba ya cin tuwon garin inji, wai yana warin baƙin mai. Saboda haka duk matan unguwa sun huta da niƙa, ni kaɗai nake durƙusawa kullum a kan dutsen niƙan da na zo da shi daga ɗakin mahaifiyata. Na biyu kuwa, duwatsun rufinsa.

Ɗakin Baba shi ne na gabas, shi ke fara karɓar iska. Namu ɗakunan sabon kwano ne, an ɗaure shi da waya har cikin bango. Nasa kuwa ya tsufa, ramukan ƙusa sun buɗe, in an buga sabuwa sai ta yi ta rawa kamar haƙorin tsohuwa. Sai ya danne shi da duwatsu goma sha biyu. Ba tsintattu ba ne na bakin hanya. Shi da kansa, tun yana da ƙarfi, ya hau tudun bayan gari ya zaɓo su ɗaya bayan ɗaya, masu shimfiɗaɗɗen gindi da ba sa gangarawa. Babban cikinsu yana zaune a kusurwar gabas. Baba na ce masa kan jirgi, sauran goma sha ɗayan kuma taragu. Yakan ce, "In kan jirgi bai motsa ba, tarago ba ya zuwa ko'ina."

Kowace shekara, in zafin bazara ya kai inda mangwaro ke faɗowa da kansa, Baba yana da ranar da yake tayar da gidan gaba ɗaya. Sai ya zauna a kujerarsa da sanda a hannu, yana ba da umarni kamar yana tasha. A yashe kwatar da ke fitar da ruwa ta ƙarƙashin katanga, a ƙara wa dokin ƙofa tsawo da jar ƙasa. Buhunan dawa su hau kan katako, domin dawar da ta sha ruwa ko kaji ba sa yi mata godiya. Ni aikina in shigar da busasshen itace na kwana bakwai cikin zaure, in dura ashana a kwalba in toshe. Takardun aikinsa da na maigida kuwa a gwangwani suke, a rataye a sama, shi kaɗai ke taɓa su. In an gama duk wannan, sai maigida ya jingina tsani ya hau ya duba duwatsu, ya taɓa kowanne yana ƙirgawa da ƙarfi don Baba ya ji. Wata rana na ji maigida ya ce masa, "Baba, ai dutse ba ya tafiya yawo." Sai Baba ya ce yana saurayi ya ga fallen kwano ya taso daga wani gida ya yanke bishiyar gwanda biyu kamar an sa wuƙa. Ya ce, "Abin da ya yi wa gwanda, wuyan mutum bai fi ƙarfinsa ba." Daga ranar ba wanda ya ƙara magana.

To, shekara biyu ko uku bayan an mai da Minna babban birnin jiha, garin ya cika da magina. Ko'ina ka duba ana haƙa harsashi, tifa na kai da kawowa. Duk wani dutsen da ke kwance a bakin hanya ko a kango an kwashe an zuba a gini. A shekarar ce yanar ido ta gama rufe wa Baba gani, in ka tsaya gabansa inuwarka kawai yake gani. A shekarar ce kuma, cikin rani, ƙanin maigida ya yi aure.

Girkin biki ya faɗo a kaina. Manyan tukwane huɗu aka aro, kowace sai mace biyu sun kama. Murhuna na kullum ƙananan duwatsu ne da ba za su ɗauki ko ɗaya ba. Muka zaga unguwa, babu dutsen kirki. Ina tsaye a tsakar gida ina tunani, sai idona ya kai sama. Goma sha biyu. Murhu huɗu ke nan cif, kamar don ni aka ƙirga su.

Na ce a raina ai rani ne, ko gajimare babu. Na sa abokan ango suka sauko da su a hankali, Baba yana zaure yana karɓar gaisuwa. Aka yi girki kwana uku, aka ci aka sha, kowa na yabon hannuna. Sai dai a rana ta uku kan jirgi, wanda ya fi shan wuta, ya yi ƙara ya tsage gida uku. Washegari kuma aka tura maigida riƙon wata ƙaramar tasha a hanyar Kaduna, ya tafi bai ɗaga kai ya dubi rufi ba.

Ga inda na ƙara ɗaure kaina. Maƙwabtana mata uku da suka tsaya a bakin wuta har idanunsu suka yi ja, da aka zo sallama sai babbarsu, matar tela, ta shafa wani dutse ta ce, "Kai, wannan ai ko tukunyar mahauta zai ɗauka bai girgiza ba." Ni kuwa baki ya riga hankali, na ce, "Ku ɗauka mana, me za a yi da su?" Ban zaci za su ɗauka ba. Kowace ta mirgina uku zuwa gidanta tana sa mini albarka. Aka bar ni da tarago biyu da fasasshen kan jirgi.

Wanda bai san mu ba zai ce, to, ki je ki karɓo mana. Ba haka abin yake ba. Kyautar da aka yi a gaban jama'a ranar biki ba a binta. Balle dutsen murhu: in mace ta kafa shi ta ɗora tukunya, ya zama nata kamar zanen jikinta, cire mata shi kamar ka ce ta tattara ta bar gidan ne. Ga kuma kunyar suruki. Ni da ko abinci ba na ci a gabansa, ta yaya zan buɗe baki in ce na dafa shinkafa da kan jirginsa? Kullum sai in ce gobe. Gobe ta bi gobe, har mangwaro ya fara nuna.

Wata safiya na kai masa kunu, sai ya ce, "Amarya, taragu suna nan lafiya?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Suna nan cikin unguwa, Baba... suna nan."

Ya ce, "Madalla. In mijinki ya dawo ƙarshen wata sai a hau a duba."

Na tashi na fito. Na ce kafin ƙarshen wata zan san dabara. Ashe damina ba ta san ƙarshen wata ba.

Ina da ƙawa, manomiya ce daga wajen Paiko, 'yar coci, ta girme ni da kaɗan. Takan shigo motar safe da doya ko gawayi, ta bi gidaje, in rana ta take ta zo wurina ta sha ruwa ta miƙe ƙafa. Kamar sauran matan garinsu, ba ta ɗora kaya a ka, a kafaɗa take ɗauka. Nakan tsokane ta in ce ta ajiye kai kamar ƙwai ba ya aikin komai, ita kuma ta ce ai shi ya sa nata yake da hankali. Hausarta ta kasuwa ce, kowa "kai" ne a bakinta, mace ko namiji.

Ran nan ta shigo bayan azahar, ko sallama ba ta gama ba ta sauke kwandon doya ta ce, "Uwargida, ka kwashe shanya. Yau akwai shi."

Na dubi sama, fari fat, zafi kamar a tanda. Na ce, "Ke dai kin cika son a ce kin sani."

Ta ce, "Tun jiya tururuwa na kwashe ƙwai suna hawa sama. Kwaɗi sun yi magana a rafi. Ka ga ganyen mangwaro yana motsi? Ko ɗaya. Hadari na farko ne, kuma ba zai zo da hankali ba. Kafin rana ya faɗi." Tana faɗa tana kallon sama, sai na ga ta tsaya cak. Ta ce, "Ina duwatsun tsoho?"

Na ja ta gefen rijiya na faɗa mata komai. Ta riƙe baki. Sai dariya ta kama ta har ta zauna a kan turmi. Da ta gama ta share hawaye ta ce, "To, ka ci shinkafa, yanzu iska zai ci kwano. Tsoho yana ciki?"

Na ce yana ciki, kuma ba zai yarda ya fito ba sai an gaya masa dalili.

Ta ce, "To, je ka gaya masa. Kunya ba ya riƙe rufi."

Na juya gabas. Can ƙasa-ƙasa, bayan tudu, wani siririn baƙi ya fara kwantawa kamar an ja kwalli. Maza duk ba sa nan, masu kasuwa na kasuwa, sauran suna wajen gine-ginen gwamnati, kafin a kira wani ya zo an gama komai.

Na shiga ɗakin Baba na durƙusa daga bakin ƙofa. Ban san ta inda na fara ba, na dai san na faɗi gaskiya duka, har da tsagewar kan jirgi. Baba ya juyo da fuskarsa wajena. Sannan ya ce, "Shinkafar bikin nan da na yi ta yabo, a kan kan jirgina aka dafa ta?"

Na ce, "E, Baba."

Ya ce, "Shi ya sa ta yi daɗi." Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba. Ya lalubo sandarsa ya ce, "Faɗa yana da ranarsa, ba yau ba. Hadari ya kai ina?"

"Ya leƙo bayan tudu."

"To, muna da kamar tafiyar jirgi daga nan zuwa tasha ta biyu. Tashi. Je ki ce ni na aike ki."

Na roƙe shi ya koma ɗakinmu. Ya ce shi direba ba ya sauka ya bar jirgi a kan gada, kuma in ya fita wa zai nuna mini inda zan taka?

Muka fita da gudu ni da ƙawata. Gida biyu na farko ba a sha wuya ba. Da na ce Baba ne ya aiko, kuma ga hadari, kowace ta yi salati ta sauke tukunya, har suka taya mu mirginowa. Gidan matar tela ne na ji tsoro, don bakinta ya fi almakashin mijinta kaifi. Muka same ta ta ɗora wake, wuta na ci.

Na gaishe ta na ce, "Yaya, wata magana ce mai nauyi ta kawo ni."

Ta ce, "Na gani a fuskarki. Wa ya rasu?"

"Ba kowa. Duwatsun nan ne..."

Ta ajiye ludayi a hankali. "Waɗanne? Waɗanda kika ba ni a gaban mata ashirin, har ana guɗa?"

"Su. Na rufin Baba ne."

Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Au, ashe kayan sata nake girki a kai wata biyu! Shi ya sa tuwona ke kamawa. Ke da muke cewa duk unguwa ba mai hankalinki, ashe rufin suruki kika kwance kika yi mana rabo? To, waken fa? In zuba shi a zanena?"

Ƙawata ta ce, "Mama, in kwano ya tashi, gidanka zai fara zuwa. Kai ne a bayansu."

Matar tela ta leƙa ta ga gabas ta yi baƙi har rabi. Ta sauke waken, ta janye itace, ta kwara wa duwatsun ruwa bokiti biyu suna huci suna tururi. Ta naɗe hannu da tsumma ta fara mirgina na farko da kanta, tana tafe tana cewa, "Wallahi sai na ba jikokinki labari."

Taragu goma sha ɗaya suka taru a gindin tsani, baƙaƙe ƙirin da hayaƙi. Sai maganar wa zai hau. Ni ce mai laifi, ni ce kuma marar nauyi a cikinmu. Amma mace da zane a kan rufi? Matar tela ta shiga ɗakinmu ba neman izini, ta fito da wandon kakin maigida na aiki ta ce, "Sa. In an tambaya, ni na ce." Na sa, muka ɗaure ƙugun da igiyar guga, na naɗe ƙafafu da jiƙaƙƙen tsumma saboda zafin kwano. Na yi bisimilla na hau.

Dutsen farko, ɗaya daga cikin maƙwabtan ta ɗora shi a ka da gammo ta kama tsani. Matakala uku ta yi, dutsen ya nemi ya ja ta baya, ta sauko tana haki. Sai ƙawata ta ture ta ta ce, "Ku masu kai, ku ba ni wuri." Ta saɓa dutsen a kafaɗa, ta tallafe shi da hannu ɗaya, ɗayan na kan tsani, ta hau kamar tana shiga ɗakinta. Ta dire shi a gabana ta ce, "Yau ka ga amfanin kafaɗa?" Na ce na gani, na tuba.

Ɗakin Baba ba shi da silin. Sai na ji ƙwas, ƙwas, a ƙarƙashin kwano. Baba ne ya miƙe tsaye a ciki, yana laluben katako da sandarsa, yana bugawa. Muryarsa ta fito kamar daga cikin tulu: "Amarya! Inda kika ji sandata, nan katako ya hau kan katako. Nan za ki taka, nan za ki ajiye. Inda ba ki ji ni ba, kada ƙafarki ta je!"

Haka muka yi. Shi ya buga, ni in rarrafa in kai dutse wurin. In na ajiye daidai sai ya ce, "Tarago ya kama!" In na kauce sai ya ce, "Hagu kaɗan, ke ba ki san hagu ba?" Mutumin da shekara goma sha biyar ban taɓa haɗa ido da shi ba, ga ni a kansa da wandon ɗansa, yana daka mini tsawa ina amsawa da ƙarfi. Matan ƙasa kuwa suna ƙirgawa tare, kamar masu daka.

Muna kan na tara iskar farko ta iso, mai sanyi, mai ƙanshin ƙasa. Kaji suka ruga. Daga can sama na hango jar ƙura ta taso ta rufe tudu, tana tahowa da ledoji da ganye. Na goma. Na goma sha ɗaya. Sai kusurwar gabas ta ɗaga baki ta koma, ta sake ɗagawa, kamar kifi a tudu.

Baba ya buga wurin da ƙarfi ya ce, "Nan fa? Nan ne kan jirgi! In nan ya tashi duk aikin banza ne!"

Na duba ƙasa. Gutsattsarin kan jirgi ba wanda zai iya danne kusurwar shi kaɗai. Turmi zai gangara. Sai idona ya sauka a gindin mangwaro, inda dutsen niƙana yake kwance da sauran gari a bakinsa. Mai faɗi, mai nauyi, gindinsa a shimfiɗe. Mahaifiyata ta yi niƙa a kansa, ita ma daga tata uwar ta gaje shi.

Na ce, "Ku kawo dutsen niƙa!"

Mata uku suka ɗora wa ƙawata shi a kafaɗa, biyu suka riƙe tsani, matar tela ta tura ta daga baya tana cewa, "Hau, 'yar albarka, hau!" Ƙawata na kiran Yesu, ni ina kiran Allah da Annabi, muka ja shi tare har kusurwa. Na kwanta da cikina a kan kwanon na danne shi, muka tura dutsen ya zauna daidai inda sanda ke bugawa. Bakin kwanon ya rufe, bai ƙara buɗewa ba.

Yadda na sauko ban sani ba. Na dai tsinci kaina a ɗakin Baba, mu duka, har da yarana da suka dawo daga makaranta, an rufe ƙofa. Sai abin ya sauka. Iska ta kama gidan tana jijjigawa kamar mai karɓar bashin gaba. Kwano na kuka, ƙusoshi na ƙara, muna jin abubuwa na wucewa a sama suna karo da juna. Reshen mangwaro ya karye ya faɗa kan rijiya. Kowa yana addu'arsa. Baba kuwa yana zaune a bakin gado, ya miƙa sanda ya dafa katakon kusurwar gabas da ita, yana jin motsinsa a hannunsa. Can sai ya sauke sandar ya ce, "Ya riƙe." Bayan haka ruwa ya kece, iska ta yi sanyi.

Kafin magariba aka ɗauke. Muka fito, unguwa kamar an yi dambe. Rufin ɗakin girkin matar tela ya tafi, washegari aka same shi a kan layin dogo ya naɗe kamar tabarma. Tukunyar wakenta kuwa tana nan inda ta sauke ta, ta cika da ruwa. Ba wanda ya ji ciwo, alhamdu lillahi. Sai dai gidajen maƙwabtan nan uku babu murhu, itacen kowa kuma ya jiƙe, in ban da namu da ke zaure. Muka kafa gutsattsarin kan jirgi guda ukun nan, muka ciro ashana daga kwalba, muka dafa doyar ƙawata gaba ɗaya, aka ci da manja da yaji. Matar tela tana ci tana ba da labarin yadda na yi kama da ɗan dako a cikin wandon kaki.

Ƙarshen wata maigida ya dawo. Ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga kai, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Me ya ƙona duwatsun nan? Wancan kuma ba dutsen niƙanki ba ne?" Kafin in buɗe baki Baba ya ce daga ɗaki, "Shigo ka zauna. Ka bar matarka, ta fi ka iya hawa rufi." Faɗan da ya ce yana da ranarsa, har ya bar duniya ranar ba ta zo ba. Abin da kawai ya ƙara a dokokinsa shi ne, duk shekara in an hau duba duwatsu, ni zan tsaya a ƙasa in ƙirga. Maigida kuma ya samo wa maƙwabtan nan uku wasu duwatsun daga wajen Maikunkele, ya kai musu har gida.

Da aka natsu sai maigida ya ce zai nemo wani babban dutse a sauko mini da nawa. Baba ya ce a'a. Ya ce dutsen da ya tsaya ranar da ake neman mai tsayawa ba a sauke shi daga aiki, ya zama kan jirgi. Na yi ta maza na ce, "To, Baba, niƙa fa?"

Ya juya sandarsa a hannu. Sannan ya ce, kamar ana zare masa haƙori, "A kai inji."

Washegari na wanke dawa na shanya, na ɗauka da kaina na kai inji, ina tafe kamar mai zuwa biki. Na tuƙa tuwo na yi miyar kuɓewa, na kai masa, na koma bakin ƙofa na durƙusa ina jira. Ya gutsura ya kai hanci ya shinshina. Ya sa a baki ya tauna a hankali, fuska a murtuke.

Ya ce, "Amarya, wannan tuwon warin tasha yake yi."

Na ce, "Ka yi haƙuri, Baba."

Ya ƙara loma ɗaya, ya ƙara wata. Sai ya turo mini kwanon ya ce, "Shekara talatin na yi a tasha. Ƙaro mini."